Tsohon Nizamuddin da filina na ƙetaren kogi

Sana'ata walda ce. Ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa nake ƙerawa a Kaduna tun ina saurayi, karatuna na addini kuwa bai wuce na allo da ɗan abin da Yayana ya ɗora ni a kai da daddare ba. Don haka mai neman hukunci a kan aƙidar Maulana Wahiduddin Khan sai ya tafi wurin malamai. Ni abin da zan ba da labari shi ne yadda maganar wannan tsohon Ba'indiye ta shigo gidana, da abin da ta gyara, da inda har gobe nake ja da ita.

Yaya shi ne malamin gidanmu. A Sudan ya yi karatu, ya dawo da adaka cike da littattafai, a cikinsu akwai wani da yake ji da shi ƙwarai, Al-Islam Yatahadda. Littafi ne da ke amsa wa masu cewa ilimin kimiyya ya kori addini. Yakan karanta mini shafi ɗaya ko biyu ya fassara, ni kuma ina gyangyaɗi saboda gajiyar guduma. A zatona marubucin wani Balarabe ne da ya daɗe da rasuwa.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 rikicin shari'a ya tashi a Kaduna. Shagona da gidanmu duk suna kudancin kogi. Yaya ya fita dubo ɗalibansa, bai dawo ba. Da ƙura ta lafa aka gane gawarsa. Shagon ya ƙone har injin, gidan kuma bango kawai ya rage. Ya bar mata da yara huɗu, babban cikinsu bai gama firamare ba. Muka kwaso abin da ya saura muka haye Rigasa, kamar yadda dubban mutane suka yi ƙaura a lokacin, Musulmi suka yo arewa, Kirista suka yi kudu, kogin ya zama iyaka.

Shekarun da suka biyo baya na yi su ne a rumfar haya da aron injin. Filinmu na can ƙetare yana nan, ciyawa ta rufe shi. An yi ta aiko mini dillalai, wasu na son saye, wasu na son musaya da gida a ɓangarenmu, duk na kore su. A wurina sayar da filin daidai yake da sa hannu a kan cewa abin da aka yi mana ya wuce ke nan. Akwai wani Inyamuri da nake sayen rodi da falanki a wurinsa tun ina yaron shago, na daina zuwa, na gwammace in saya da tsada a hannun na uku. Kullum bayan isha'i muna majalisa, kuma hirar ba ta canzawa: wane aka kashe, wane aka ƙona wa, wa ya kamata a kama ba a kama ba. Rikicin Nuwamban 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka ƙara mana abin lissafi. Duk abin da muke faɗa a majalisar nan gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma yaran Yaya suna girma, ana koro su saboda kuɗin makaranta.

A 2012 ciwon bayan uwargidana ya kai inda likitoci suka ce sai aiki, aka haɗa mana kuɗi a dangi muka tafi Delhi. Mun kama ɗaki a unguwar Bhogal, inda baƙi masu jinya suke da yawa, musamman mutanen Afganistan. Daga nan ɗan tattaki ne zuwa Nizamuddin, inda nake zuwa sayen naman da hankalina ya kwanta da yankansa. Unguwa ce mai lunguna da cunkoso, nan hubbaren waliyyi Nizamuddin Auliya yake, wanda ya rasu a 1325, nan kuma babbar cibiyar 'yan Tablig take. In ka tsallaka zuwa ɓangaren gidajen masu hali sai ka ga bishiyoyi da shiru. A wani kantin littattafai na wannan ɓangaren na hango sunan da na sani a bangon littafi, Wahiduddin Khan, marubucin littafin nan na Yaya. Na ce wa mai kantin da guntun Turancina, Allah ya jiƙan wannan malami, Yayana yana son littafinsa. Ya yi dariya ya ce malamin yana raye, gidansa ma ga shi can, kuma duk ranar Lahadi da safe yana karatu, kowa na iya shiga.

Na je. Ɗaki ne ba wani babba ba, mutane a zaune a ƙasa, maza da mata, kuma daga shigarsu na gane ba duka ne Musulmi ba. Tsohon yana da shekara 87 a lokacin, siriri, farin gemu har ƙirji, da ƙaton rawani da tufafin da a Kaduna ko ladanin unguwa zai raina. Da Urdu yake magana, a hankali, ba ɗaga murya. Wani matashi injiniya da ya ga ina rarraba ido ya matso yana raɗa mini ma'anar da Turanci. Shi ne daga baya ya riƙa raka ni shan shayi yana ba ni tarihin malamin, sauran kuma na tsinta a littattafan da na saya.

An haife shi a 1925 a wani ƙauye na gundumar Azamgarh, a jihar Uttar Pradesh. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu, mahaifiyarsa ta rene shi. Da na ji wannan sai ƙaramin ɗan Yaya ya faɗo mini, don shi ma kusan haka aka bar shi. A 1938 aka kai shi Madrasatul Islah da ke Sarai Mir. Akwai labarin da yakan bayar na wannan makaranta: malaminsu Amin Ahsan Islahi ya zo kan ayar da ke cewa shin ba sa duban raƙumi yadda aka halicce shi, sai ya tambayi ɗalibai ko kofaton raƙumi a tsage yake irin na saniya ko a haɗe irin na doki. Kowa ya yi ta cinta, babu wanda ya taɓa dubawa. Malamin ya nuna musu cewa da sun san ba su sani ba, da sun duba tun ranar da suka fara ganin raƙumi. Bayan ya gama makarantar ya ga ba ya iya amsa wa 'yan boko tambayoyinsu, sai ya zauna ya koya wa kansa Turanci, ya shiga ɗakunan karatu yana bin littattafan kimiyya da falsafa. Daga nan littafin da Yaya ke so ya fito. Da Urdu ya rubuta shi, ɗansa Zafarul Islam Khan ya mayar da shi Larabci.

Ya yi shekaru a Jama'atu Islami, ƙungiyar da malamin nan Maududi ya kafa, har ya kai cikin shugabanninta a Indiya, sannan ya fita a farkon shekarun 1960 ya rubuta raddi. Abin da ya raba su shi ne ya ga an mayar da kafa gwamnati shi ne ƙashin bayan addini, alhali a fahimtarsa asalin abin shi ne bawa ya san Ubangijinsa, ya gyara kansa, ya isar da saƙo cikin lumana. A 1976 ya fara fitar da mujallar Al-Risala duk wata, yawancin rubutun ciki nasa ne, gajeru, shafi ɗaya ɗaya. A 2001 ya kafa cibiyarsa ta zaman lafiya da tarbiyyar ruhi, wadda su wannan matashin ke yi wa hidima.

Karatun da ya tsaya mini a rai na sulhun Hudaibiyya ne, wanda kusan duk koyarwar tsohon a kansa take tsaye. Ba baƙon labari ba ne, duk wanda ya zauna gaban malami ya ji shi. A shekara ta 6 bayan hijira Manzon Allah (SAW) ya fito umara da sahabbai wajen 1,400, Ƙuraishawa suka tare hanya. Da aka zo rubuta yarjejeniya Suhailu ɗan Amru ya ce ba za a rubuta Bismillahir Rahmanir Rahim ba, aka bi shi. Ya ce a goge "Manzon Allah", Sayyidina Ali ya kasa, Annabi da kansa ya goge. Aka amince a koma Madina ba umara a wannan shekarar. Aka amince duk wanda ya gudo daga Makka ya musulunta a mayar da shi, wanda ya gudu daga Madina kuwa ba za a dawo da shi ba. Ana cikin haka Abu Jandal ya iso da mari a ƙafarsa, aka mayar da shi mutane suna kallo. Sayyidina Umar ya kasa daurewa har ya je yana tambaya, ashe ba mu ne a kan gaskiya ba? A hanyar komawa aka saukar da Suratul Fathi, Allah ya kira wannan abu buɗi mabayyani.

Mu a majalisarmu in an kawo wannan labari, a kan biyayyar sahabbai ake tsayawa. Shi kuwa tsohon lissafi yake yi. Me aka bayar, me aka samu? An bayar da kalmomi a takarda da umarar shekara ɗaya, an haɗiye zafin Abu Jandal. An samu ajiye makami na shekara goma, hanya ta buɗe, mutane suka shiga juna suna jin Alƙur'ani ba tare da takobi a tsakani ba. A wannan tsakanin aka aika wa sarakuna wasiƙu, Khalidu ɗan Walidu da Amru ɗan Asi suka musulunta. Bayan shekara biyu mutum 10,000 ne suka shiga Makka. Abin da yake fitarwa daga nan shi ne zaman lafiya daban, adalci daban. Wanda ya ce ba zai zauna lafiya ba sai an ba shi haƙƙinsa cif, yakan rasa duka biyun. Zaman lafiya fili yake ba ka ka yi aiki, aikin ne wata rana zai kawo maka abin da kake nema. Yakan kuma tuna cewa Annabi ya yi shekara 13 a Makka gumaka 360 suna kewaye da Ka'aba, bai fara da fasa su ba, taron da ke zuwa dominsu ya riƙa bi yana yi wa wa'azi. A kowane hali akwai matsala akwai dama, in ji shi, ka kau da kai daga matsalar ka kama damar.

Raina ya ɓaci ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce wa matashin a wurin shayi, malaminku yana magana ne don ba a kashe masa kowa ba. Bai yi musu da ni ba, sai ya ba ni labarin masallacin Babri.

Masallaci ne na ƙarni na 16 a garin Ayodhya, wanda 'yan Hindu ke cewa an gina shi a mahaifar abin bautarsu Rama. Ranar 6 ga Disamban 1992 taron jama'a suka rushe shi, rikici ya bazu a ƙasar, mutum wajen 2,000 suka mutu, akasarinsu Musulmi. A cikin wannan wuta Maulana ya fita rangadin zaman lafiya a jihar Maharashtra tare da Acharya Sushil Kumar na addinin Jain da Swami Chidanand na Hindu, suna tsayawa gari gari. Sannan ya kawo shawarar da ta jawo masa zagin da bai taɓa sha ba: Musulmi su haƙura da wannan fili ɗaya, 'yan Hindu su yi alkawarin tsayawa a nan kada su taɓa wani masallaci, a kuma ƙarfafa dokar 1991 da ta ce kowane wurin ibada ya zauna yadda yake ranar samun 'yancin kai a 1947. Musulmi da yawa suka ce ya sayar da su, wasu suka kira shi malamin gwamnati. Lambar girmamawa ta Padma Bhushan da gwamnati ta ba shi a 2000 ta ƙara wa masu wannan zargi ƙarfi. Matashin ya ce shi kansa kawunsa ba ya bari a shigo masa da mujallar Al-Risala cikin gida.

Wannan ya sa na sassauta. Mutumin da ya yarda danginsa su tsane shi a kan magana, aƙalla ba neman tafi yake ba.

Aikin uwargida ya yi kyau, alhamdu lillahi. A zaman jinyar na karanta abin da na iya karantawa, wani da ƙamus a hannu. Wata rana da daddare na ba ta labarin Hudaibiyya yadda na ji shi, tana kwance ba ta iya juyawa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Malam, ni ban san Indiyanci ba, amma shekara nawa ina ce maka filin nan ciyawa kawai yake ciyarwa?" Haka ne, ta sha faɗa. Sai da na ji daga bakin mai rawani a wata ƙasa sannan ta shiga, ita kuma har yau tana yi mini gori a kai.

Bayan mun dawo na hau mota na haye gada. Na tsaya a filin, na yi wa Yaya addu'a, na kira dillali. Kafin in sa hannu na je wurin matar Yaya, don rabon marayu yana ciki, aka kira malami ya raba yadda shari'a ta ce. Daga nan na wuce wurin Inyamurin nan. Ya tsufa, ya yi furfura. Ba mu rungumi juna ba, ba mu yi kuka ba. Ya ce, "Malam, kana nan?" Na ce ina nan. Ya yi mini gaisuwar Yaya, ya ce shi ma shagonsa na ɓangarenmu ya ƙone a wancan satin. Sannan ya jawo wani tsohon littafi ya buɗe ya nuna mini bashin rodin da na ɗauka kafin rikicin, da kwanan wata. Na biya a kan tsohon farashi, ya yi ta ƙunƙuni a kan faɗuwar naira, ya kuma ba ni sabon kaya bashi a ranar.

Da kasona na sayi injin walda nawa da janareta, na kama shago mai ƙofa. Da kason yaran aka mayar da su makaranta ba tare da fargabar kora ba. Babban ya yi kwalejin kimiyya da fasaha, macen ta karanta aikin jinya. Majalisa ban daina zuwa ba, mutanena ne, amma in aka ɗauko lissafin gawawwaki nakan tashi in ce da aiki da safe. Yaran da suka koyi walda a hannuna tun daga lokacin, wasu sun buɗe nasu shagunan, ciki har da biyu daga ƙetaren kogi.

To amma kada in yi muku ƙarya, ban haɗiye maganar tsohon duka ba. Malamai da dama a Indiya sun yi masa raddi a kan wasu fahimtocinsa, wannan fagensu ne. Nawa jan a kan abin da idona ke gani ne. A Nuwamban 2019 kotun ƙolin Indiya ta ba 'yan Hindu filin Babri, ta ce a ba Musulmi eka 5 a wani wuri, duk da ita kanta kotun ta ce rushe masallacin saɓa doka ne. A Janairun 2024 aka buɗe wurin bauta a kan filin. Kuma ba a tsaya a Ayodhya ba, ga shari'o'i a kan masallacin Gyanvapi a Varanasi da na Shahi Idgah a Mathura. Masu sukarsa suna cewa ka gani, wanda ka bar wa taki ɗaya zai nemi na biyu. Masu kare shi suna cewa ai ba a karɓi shawararsa ba, an yi shekara 27 ana ja, filin ya tafi, rayuka sun tafi, ba a ko samu alkawarin ba. Kowanne yana da abin kamawa. Ni abin da ke damuna shi ne nauyin da yake ɗorawa kusan kullum a kan wanda aka zalunta yake sauka. Shi ne zai haƙura, shi ne zai kau da kai. Mai ƙarfi fa, wa zai yi masa wa'azi? Kuma Hudaibiyyar nan, da Ƙuraishawa suka karya alkawari, Annabi bai sake kau da kai ba, ya ɗaura shiri ya nufi Makka. Ina ganin shugaban da aka ɗora wa amanar jama'a, ko alƙali, ba shi da hurumin ya ce a manta da matsala a nemi dama. Aikinsa ne ya kama mai laifi. Wanda ya kashe Yaya ba a taɓa gurfanar da shi ba, wannan kuwa ban kira shi daidai ba, ba kuma zan kira ba.

Amma ni ba gwamna ba ne, ba alƙali ba. Abin da ke hannuna a 2012 fili ne da marayu huɗu da sana'a, kuma a kan wannan maganarsa ta yi mini aiki.

Ya rasu ranar 21 ga Afrilun 2021 a Delhi, cikin azumi, cutar korona ta kama shi yana da shekara 96, watanni kaɗan bayan an sanar da ba shi Padma Vibhushan, lambar farar hula ta biyu mafi girma a ƙasar. Matashin nan, wanda yanzu magidanci ne, shi ya turo mini saƙo ta WhatsApp. Na faɗa a gida wurin buɗa-baki, na ce a sa shi a addu'a. Babban ɗan Yaya, wanda yanzu shi ke riƙe da lissafin shagon da zanen aiki, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya ce, "Amma Baffa, ni har yanzu da an tambaye ni, da ban yarda a sayar da filin ba." Na ce da kuɗin filin ka yi karatun da kake faɗa mini haka. Ya ce ya sani, kuma ya gode, amma sanin bai canza masa ra'ayi ba. Uwarsa ta ce ya yi shiru, na ce a ƙyale shi, ubansa ne.

Yanzu haka muna da aikin ƙofofin wani gida a Barnawa. Shi ke zuwa awo, shi ke magana da mai gidan, suna wasa da dariya. Amma da la'asar ta yi yake haɗa kayansa ya hayo gada, ko aiki bai ƙare ba, sai yara su ƙarasa washegari. Ban taɓa ce masa ya tsaya ba.